Kashe-ka-kunna ba magani ba ne

Magana biyu sun zama ruwan dare a ofisoshinmu, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza har Illela. Ta farko ita ake faɗa wa talaka ta taga: "Babu rezo, ka dawo gobe." Ta biyu a cikin ɗaki ake faɗinta, ƙasa-ƙasa: "Je ka kashe ta ka kunna." Ni dai ina ganin sau da yawa ta farkon rufa-rufa ce, ta biyun kuwa ita ce ainihin ɓarnar. Wayar ma'aikacin da ya ce maka babu rezo tana hannunsa, yana kallon bidiyo a Facebook. Rezo lafiyarsa lau. Abin da ya shaƙe shi ne babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke.

Bari in yi bayanin yadda malamin makaranta zai gane, tunda alli ne sana'ata. Saba tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifai, wanda ya yi daidai da kabad ɗin da muke jibge rajista, abin da aka sa a ciki yana nan ko an ɗauke wuta. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke ce wa RAM, ita ce allon bango. A kanta ake yin lissafin yanzu-yanzu, kuma ba ta da faɗi. Duk manhajar da za ta yi aiki sai ta roƙi wani ɓangare na allon, in ta gama ta goge ta mayar. Yoyon ƙwaƙwalwa shi ne manhaja ta riƙa karɓar wuri tana rubutu, ta gama, ta manta ba ta goge ba, kuma ba ta bari wani ya goge. Yau kusurwa ɗaya, gobe layi biyu, kafin mako ya zagayo allo ya cika maƙil, darasi ya tsaya. In ka kashe na'urar ka kunna, ka kwara wa allon ruwa ne, ya koma fes. To amma malamin da ba ya gogewa yana nan, gobe da safe zai dawo da allinsa.

Wannan shi ne abin da nake jayayya da shugabannin ofisoshi a kai. Kashe-ka-kunna ba gyara ba ne, kuma laifinsa bai tsaya a nan ba, yana wanke shaida. Duk abin da mai bincike zai duba ya gane wace manhaja ce ta ci wurin, a kan allon nan yake, kai kuma ka wanke shi. Sannan rumbun bayanai idan ya tashi daga barci sai ya sake ɗebo komai daga faifai, shi ya sa awa ta farko bayan kunnawa take tafiyar hawainiya. Wanda kuwa ya fizge waya daga bango alhali ana tsakiyar rubuta sunan wani jariri, to ya jingina amanar mutane a kan sa'a. Manyan manhajojin rumbu suna da kundin da suke fara rubuta kowane canji a ciki domin su farfaɗo bayan irin wannan, gaskiya ne, amma faifai mai araha yakan ce ya rubuta alhali bai gama ba.

Sai kuma ɗan kwangila ya zo da jakarsa. Bai buɗe komai ba, bai auna komai ba, ya dubi na'ura ya girgiza kai: "Ai RAM ɗinku ya yi kaɗan." A rubuta takarda, a fitar da kuɗi. Jama'a, mu yi lissafin ƴan aji shida. A ce saba tana da giga 8 na sarari, kuma wata manhaja tana cinye mega 50 kowace awa ba ta mayarwa. A yini da kwana giga 1.2 ke nan, cikin kwana bakwai ta cika. Ɗan kwangila ya ƙara wasu giga 8. Me aka samu? Maimakon ta suma duk mako, za ta suma duk mako biyu. Kafin lokacin an biya shi, ya kama hanyar Yamai. Wanda randarsa ta tsage ya je ya sayo babbar randa mai tsaga iri ɗaya, ai bai yi maganin ƙishirwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau tari ma babu wani yoyo. Rumbun bayanai an gina shi ne ya ci ƙwaƙwalwa da gangan, domin karanta abu daga allo ya fi zuwa kabad sauri nesa ba kusa ba. SQL Server na kamfanin Microsoft, in ba ka sa masa iyaka ba, zai yi ta ci har sai ya kusa cinye abin da ke akwai, kuma haka aka tsara shi. MySQL yana zuwa da ma'ajiyar shafuka ta mega 128 kacal, amma littafinsa ya ce a na'urar da ba ta da wani aiki sai rumbu ana iya ba shi har kashi 80 cikin 100. Shi kansa Linux ba ya son ganin ƙwaƙwalwa tana zaman banza, yakan cika ta da abubuwan da aka karanta kwanan nan, ya saki da zarar an buƙata. Mutum ya buga umarnin free, ya ga wurin da babu kowa ya yi kaɗan, ya ɗora hannu a ka. Alhali ginshiƙin da ya kamata ya duba shi ne na ƙarshe, mai nuna abin da za a iya samu in an nema. Manomin fadamar Ƙonni ba ya kuka don madatsar Mozage ko ta Zango ta cika da ruwan Maggiya, ai domin haka aka gina su. Kukansa sai in ruwa ya ƙi fitowa lokacin da albasa ke jira, ko in yashi ya cinye cikin madatsar.

Wani lokaci kuma laifin na wanda ya saita na'urar ne. PostgreSQL yana da wani ma'auni mai suna work_mem, wato wurin da ake ba kowane aikin jerawa ko haɗa bayanai. Yana zuwa a mega 4, kuma adadin layukan haɗi da ya yarda da su tun asali 100 ne. Wani gwanin dare ɗaya ya karanta a intanet cewa in an ɗaga shi rahoto zai fito da sauri, sai ya mayar da shi 64. Bai san cewa rabon ba na na'ura gaba ɗaya ba ne, na kowane aiki ne a kowane layi, kuma tambaya ɗaya tana iya ɗibar rabo uku ko fiye. Ninka 64 sau 100 sau 3, ka haura giga 19 a na'urar da ba ta da su. Ranar da aiki ya yi sauƙi ba za ka ga komai ba. Ranar ƙarshen wata, da kowa ya danna neman rahoto a tare, sai Linux ya ga ba shi da inda zai sa ƙafa, ya zaɓi aiki guda ya kashe shi. In wanda ya kashe ɗin na PostgreSQL ne, uwar manhajar takan yanke sauran layukan duka ta sake tashi domin kare bayanai. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, ba yoyo ba. Kuma Linux ba ya kisa a ɓoye, yana rubuta sunan wanda ya kashe da lokacin a kundinsa. Wa ya taɓa buɗe kundin nan a ofishinku?

To ta yaya ake bambancewa? Da abin da aka koya mana tun a makarantar horon malamai: kiran suna kowace safiya, a rubuta. Malamin da ba ya riƙe rajista ba zai iya gaya maka ko yaro ya fara fashi tun wane wata ba. A ware littafi guda, ko a sa ƴar manhaja ta riƙa rubutawa duk bayan minti goma: kowace manhaja nawa ta riƙe, layuka nawa ke buɗe, kwana nawa rabon na'ura da kashewa. Bayan mako biyu a zana layi. In ya hau da sauri bayan kunnawa sannan ya kwanta a wuri ɗaya, lafiya ce, rumbu ya cika ma'ajiyarsa. In yana hawa da hantsi ya sauka bayan an tashi aiki, nauyin aiki ne, sai a duba saiti. In kuwa yana hawa mataki-mataki, bai sauka da dare ba, bai sauka ran Lahadi ba, Litinin ta ɗora daga inda Juma'a ta tsaya, to a nan ne biri ya yi kama da mutum.

Ko a nan ma ba a yanke hukunci da gaggawa. Layin haɗi da aka bari a buɗe makonni yakan tara tarkace, maganinsa a riƙa sabunta layukan, kamar yadda PgBouncer ke yi wa layin da ya wuce awa guda in ba a canza saitinsa ba. Akwai kuma wurin da aka goge amma ya warwatsu gutsi-gutsi har ba ya mayuwa ga tsarin na'ura, a nan wasu sukan canza mai rabon ƙwaƙwalwar zuwa jemalloc ko tcmalloc, abin ya lafa. Su kansu rumbunan suna iya faɗin inda suka kai abin da suka ci: MySQL tun fitowa ta 5.7, PostgreSQL kuma fitowa ta 14 a 2021 ta zo da tagar da ke nuna wannan. Duk waɗannan kyauta ne, ko dala ba a biya. Watakila shi ya sa ba su da farin jini wurin masu rubuta takardar kwangila.

Kuma kada a ɗauka ɓarawon kullum rumbu ne. Ran 22 ga Oktoba 2012, wani sashe na ma'ajiyar kamfanin Amazon a gabashin Amurka ya durƙushe, manyan shafuka irin su Reddit suka ɗauke. Da suka bincika, wata ƴar ƙaramar manhaja ce mai tattara rahoton lafiyar na'urori. An canza na'urar da take kai wa rahoto, wasu ba su sami sabon adireshi ba, suka yi ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, kowane ƙwanƙwasawa yana cin ɗan wuri ba ya mayarwa. Mai gadi ne ya cinye gidan. Amazon ta rubuta bayanin abin da ya faru ta wallafa kowa ya karanta. A wurinmu fa? Manhaja irin DHIS2, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Oslo kuma ƙasarmu ke tattara alƙaluman kiwon lafiya da ita, ƙafa biyu gare ta, ɓangaren Java da rumbun PostgreSQL, kuma littafinta ya yi bayanin yadda za a raba musu ƙwaƙwalwa. Duk tsarin da aka gina haka, in aka yi wa kowane ɓangare alkawarin fiye da rabin gida, rikici yana nan tafe ko babu yoyo ko ɗigo.

Akwai wani abu namu na nan da littattafan Turawa ba su faɗa ba. Ɗauke wuta yana ɓoye wannan cuta. Na'urar da kuran ke kashewa sau uku a yini ba ta taɓa rayuwa har allonta ya cika. Kowa ya tuna halin da aka shiga da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. Na san wani ofis, ba zan kama suna ba, da ya samu faranti da batura bayan wannan wahala. Saba ta fara kwana ashirin ba ta mutu ba, sai ga suma duk bayan ƴan kwanaki. Me aka ce? Wai sola ce ba ta dace da ita ba. Har aka yi shawarar a mayar da ita kan tsohon layi. Ni na je neman takardar wata ɗalibata ne, sau uku ina zuwa, na ji wannan fatawa da kunnena. Cutar tana nan tun ranar da aka kawo manhajar, kuran ne yake yi mata kashe-ka-kunna ba tare da an roƙe shi ba.

Na san abin da za a ce mini. Malam, ƙaramin ofis ba shi da injiniya, layi ya kai bakin titi, kana so mu zauna zanen layi? Na yarda, in mutum na zubar da jini ana ɗaure wurin kafin a kai shi likita. A kunna, a sallami jama'a. Amma a ɗauki minti biyu a kwafi alƙaluman kafin a taɓa makunni, a rubuta ranar da lokacin. Wanda ya mayar da ɗauri ya zama magani, ya tuna da 14 ga Satumba 2004. Cibiyar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta yankin Los Angeles ta rasa magana da ɗaruruwan jirage na tsawon sa'o'i, saboda na'urar tana da wani ma'ƙidayi da ke ƙarewa bayan kwana 49.7, an san da shi, aka ce a riƙa kashewa ana kunnawa duk kwana 30. Wata rana ba a yi ba. Wannan ba yoyo ba ne, amma halin ɗaya ne, an ɗora lafiyar tsari a kan kada wani ya manta.

Mu a nan ba jirgi ne zai faɗo ba. Wata uwa ce daga Bazaga ko Tajaye za ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ta bar gona, ta koma hannu rabbana. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya zama jarrabawar BEPC, kuma ranar rufe rajista ba ta jiran saba ta farfaɗo. Wannan asara ba ta shiga littafin kowa, shi ya sa ake ganin kashe-ka-kunna ba ya cin ko sisi.

Magajin gari ko daraktan da zai sa hannu a takardar sayen RAM, ya fara cewa a kawo masa zanen mako biyu, a nuna masa da yatsa wace manhaja ce ke hawa. A rubuta cikin kwangila cewa wanda ya kawo manhaja shi zai toshe yoyonta da kuɗinsa, kuma ya bar makullin shiga da takardar saiti a hannun wani ma'aikaci na nan, ba a cikin wayarsa can Yamai ba, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Matasanmu da suka karanci kwamfuta a Tawa da Maraɗi da Sakkwato suna nan bakin tasha suna canza gilashin waya, kowane ɗayansu zai iya riƙe wannan littafi ya karanta kundin Linux in aka ba shi kujera da alawus.