Filin Kimiyya: Harmon Craig Da Iskar Da Ta Ba Da Shaidar Cikin Ƙasa

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa tsaye cikin ƙasa shi ne wanda Rashawa suka yi a yankin Kola, can arewacin ƙasarsu. Sun fara a 1970, zuwa 1989 suka kai kilomita 12 da 'yan kai, daga nan zafi ya ci ƙarfinsu. Daga inda muke tsaye zuwa cibiyar duniya kuwa ya fi kilomita 6,300. Watau ko ɓawon ba su huda ba. Saboda haka in mutum ya ji masana suna ba da labarin abin da ke can ƙasa, ba laifi ya tambaya, wa ya je ya gano musu? Wannan mako za mu duba aikin wani shehun malami Ba'amurke, Harmon Craig, wanda bai je ba, amma ya samo mai shaida da ya fito daga can.

A ɗauki duniya kamar mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Tsokar ita ce mafi yawa, kaurinta ya kusa kilomita 2,900, dutse ne mai zafi da ke motsi sannu a hankali, daga gare shi duwatsu masu aman wuta ke samun abin da suke amayarwa.

An haifi Craig a birnin New York a 1926. Ya yi aikin sojan ruwa, sa'an nan ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Shikago a 1951, a hannun Harold Urey, malamin da ya ci kyautar Nobel. A 1955 ya koma Scripps, makarantar binciken teku da ke Kalifoniya, can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa a 2003.

Akwai wasu iskoki da ni kan kira 'yan ba-ruwanmu, don ba su cuɗanya da sauran sinadarai: hiliyam, da niyon, da argon, da kiripton, da zinon. Ƙarfe yakan yi tsatsa, gishiri yakan narke ya shiga wani abu, su kuwa yadda suka shiga dutse haka za su fito. Mai shaidar da ba ya da aboki a cikin masu ƙara, ai shi alƙali ke so.

Shi hiliyam iri biyu ne, kamar Hassan da Husaini, kama ɗaya, nauyi dabam. Mai nauyi 4 kullum ana haifar sabo, sa'ad da ma'adinai irin su yuraniyam ke rubewa cikin duwatsu. Mai nauyi 3 kuwa kusan duk wanda ke cikin ƙasa gadon asali ne, tun sa'ad da duniya ta haɗu, shekara wajen miliyan 4,500 da suka wuce. A iskar da muke shaƙa, cikin ƙwayoyin hiliyam 700,000 ɗaya ce tak mai nauyi 3. Bugu da ƙari hiliyam bai da nauyin da duniya za ta riƙe shi, da ya fito sarari sannu a hankali zai sulale ya tafi. To, in an tarar da shi da yawa a wani wuri, lalle akwai wata kafa da ke kawo shi.

Cikin 1969 Craig da abokan aikinsa biyu na Jami'ar McMaster ta Kanada, Brian Clarke da M. A. Beg, suka auna ruwan da aka ɗebo daga zurfin Tekun Fasifik, suka tarar hiliyam mai nauyi 3 ya ɗara na iska da wajen kashi 20 cikin 100. Ruwan ya yi zurfin da gurɓatar gwajin bama-baman nukiliya ba ta kai gare shi ba, balle a ce daga can ne. Suka ce daga ƙarƙashin teku yake fitowa, watau har yanzu duniya ba ta gama fitar da numfashinta na fari ba. Gaskiya ita ce, a wannan shekara masanan Leningrad, Boris Mamyrin da Igor Tolstikhin, su ma sun ga haka a iskar duwatsun tsibiran Kuril, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

Daga nan Craig ya bi wannan sawu kamar maharbi. Shi da John Lupton suka nuna a 1981 cewa wani gajimaren ruwa mai wannan hiliyam yana tashi daga tsaunukan ƙarƙashin teku a gabashin Fasifik, a zurfin mita 2,500, ya miƙe yamma har kilomita 2,000. Da wannan aka gane inda ruwan ƙasan teku ke dosa, wanda ya saɓa wa lissafin masana na dā. Mutumin bai san zaman ofis ba. A 1987 yana cikin jirgin bincike mai suna Melville wani dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashinsu, suka tsaya suka ɗebi ruwan da ke tafasa. Ya kuma yi suna da zafin muhawara, in awonka bai yi daidai ba, ba ya kara.

Abin da ya fi ta da ƙura shi ne bambancin duwatsu. Na tsagin tsakiyar teku suna nuna ninki 8 na abin da ke cikin iska. Na Hawai sukan haura ninki 30. Craig da wasu da yawa suka ɗauka akwai wani sashe can ƙasan tsoka da bai gauraya ba tun farkon duniya. Wasu suka ƙi, suka ce ƙarancin yuraniyam ma zai iya kawo haka. A 2023 kuma aka auna duwatsun tsibirin Baffin na Kanada aka sami fiye da ninki 60, masu awon suka ce mai yiwuwa daga ƙwallon kansa yake yoyowa. A ganina awon Craig ya tsaya daram, fassararsa ce ake ja, kuma ja irin wannan ba aibi ba ne.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da ƙirgar ƙwayoyin iska? A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru, kusa da iyakarmu, ya busa iska mai shaƙe numfashi, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Jita-jita ta yi yawa, har da masu cewa wata ƙasa ce ta gwada makami. Da masanan Amurka da Japan suka auna hiliyam ɗin ruwan, suka same shi kusan ninki 6 na iska, hatimin tsokar ƙasa ke nan. Awon bai raba gardamar abin da ya tayar da tafkin a wannan dare ba, amma ya nuna inda iskar ta fito, aka kuma fahimci tana ci gaba da taruwa a gindin ruwan. Shi ya sa a 2001 aka kafa bututu mai zuƙo ta a hankali, aka ƙara biyu a 2011.

Ruwan da ke gangarowa daga Nyos yana bi ta Kogin Katsina-Ala ne ya shigo jihohin Taraba da Binuwai, kuma tsoron fashewar bakin tafkin na cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila.