Jawabi ga masu kulle ma'anar Littafi, da hujjar Shehun birnin Dihli

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Littafinsa domin a gane shi, a yi aiki da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma ba'du:

Wannan takarda ta fito daga jam'iyyarmu zuwa ga malamai ma'abota zaure da almajiransu. Dalilin rubuta ta, magana ta yawaita a bakin waɗansu cewa wanda ba malami ba bai kamata ya nemi ma'anar Alƙur'ani da harshen ajami ba, wai lafazi ya ishe shi, ma'ana kuwa ta manya ce. Har ya zama yaro ya yi shekara goma da allo, ya sauke, ya haddace, in an tambaye shi ma'anar Fatihar da yake karantawa sau 17 kowace rana a sallolin farilla, sai ya sunkuyar da kai. Mu kuwa za mu amsa musu da labarin wani shehu na ƙasar Hindu, wanda ba su da ikon tuhumarsa da jahilci ko ƙin waliyyai.

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, shi ne Shehu Ahmadu ɗan Abdurrahimu, wanda aka sani da Shah Waliyyullahi Addahlawi, jingine ga Dihli, birnin da ake kira Delhi, mazaunin sarakunan Mugul. An haife shi a shekara ta 1114 ta hijira, daidai da 1703. Mahaifinsa shi ya kafa makarantar Rahimiyya a birnin, shi ya karantar da shi, shi kuma ya ba shi ɗariƙar Naƙshabandiyya. Da mahaifin ya rasu a 1719, sai ya zauna a buzunsa yana karantarwa, alhali bai cika shekara 20 ba. Sa'an nan ya yi hajji a 1731, ya zauna Madina yana ɗaukar hadisi wurin Shehu Abu Ɗahir Alkurdi, kana ya komo Dihli a 1732. Mutumin nan ya tashi cikin mazhabar Hanafi, amma ya fifita Muwaɗɗa ta Imamu Maliku bisa littattafan hadisi, har ya yi mata sharhi biyu, Almusawwa da Larabci, Almusaffa da Farisanci. To, wanda ya yi wa littafin limaminmu wannan hidima, ya cancanci a kasa masa kunne.

Birnin da ya komo wa ya riga ya kama hanyar rushewa. Sarki Aurangzeb ya rasu tun 1707, magadansa suka shiga yanka juna a kan gadon sarauta. A 1739 Nadir Shah na Farisa ya shiga Dihli, ya sa takobi a kan mutanenta, ya kwashe taskokinta. Shehun bai bar garin ba. Ya duba cutar mutanensa, ya ga suna karanta Littafi ba su san abin da yake umartarsu ba, shi ya sa kowane ɗan tsibbu da mai gadin kabari yake jansu inda ya so. Maganin da ya kawo shi ne ya fassara Alƙur'ani da Farisanci, harshen karatu da rubutu na birnin a wannan zamani, ya gama a 1738, ya sa masa suna Fathur Rahmani. Nufinsa 'ya'yan masu sana'a da 'ya'yan mayaƙa, waɗanda ba za su kai ga zurfin Larabci ba, su ma su san abin da Ubangijinsu ya ce musu.

In kun ce fassara ba Alƙur'ani ba ce, sai mu ce gaskiya ne, kuma shi bai ce ita ce ba. Ba a salla da ita, ba a sauka da ita. Bayani ce da ake ajiyewa ƙarƙashin aya, kamar yadda kuke yi da bakinku a tafsirin watan azumi. Me ya halatta ta a Ramalana ya haramta ta a Shawwal? In kun ce jahili zai ɗauke ta ya yi fatawa, sai mu ce laifin na wanda ya ƙi zaunar da shi ne ya karantar da shi. Ba a cike rijiya domin yaro ya faɗa, baki ake yi mata. Amma muna tsoron kada asalin ƙin ya zama wani abu dabam: in talaka ya san ma'ana, sadakar rubutu da laya za ta ragu. Wanda wannan bai shafe shi ba, ba da shi muke ba.

Ku dubi abin da Allah ya yi da aikin. Shehun ya rasu a Dihli a 1176, daidai da 1762, aka rufe shi a maƙabartar Mehdiyan. Ɗansa Shah Abdul'azizu ya riƙe makarantar har wafatinsa a 1824. Ƙannensa biyu, Rafi'uddini da Abdulƙadiri, suka ga mutanen kasuwa sun koma Urdu, sai kowannensu ya fassara Littafi da shi. Daular Mugul ta ƙare a 1857 da Ingilishi suka murƙushe birnin, amma isnadin hadisi na yawancin malaman Hindu har yau ta hannun wannan gida yake bi, haka makarantar Deoband da aka kafa a 1866.

Kada kuma ku ce wannan na nesa ne. Sayyid Murtala Azzabidi, mai Tajul Arusi, haifaffen Hindu ne, ya ɗauki ilimi wurin Shah Waliyyullahi, sa'an nan a Masar ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru ijaza, shi kuwa malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shehu Usmanu da kansa da Fulatanci da Hausa yake wa jama'a wa'azi, 'yarsa Nana Asma'u ma da ajami ta karantar da mata. A zamanin baya-bayan nan Malam Abubakar Gumi da Shehu Nasiru Kabara, duk da saɓaninsu, kowannensu ya fassara Alƙur'ani da Hausa. To, da wa kuke koyi?

Abin da muke kira gare shi ƙanƙane ne. Kowane malami ya ware wa almajiransa zama guda a mako, ya fara da Fatiha da gajerun surorin da suke salla da su, kalma da kalma. Kai kuma almajiri, roƙi malaminka da ladabi, kada ka gaji. Allah ya jiƙan Shehun Dihli, ya buɗe mana fahimtar Littafinsa, ya tsare mu daga ɓoye ilimi. Amin. Haza wassalam.