Falasɗinu da Isra'ila: Ina Aka Kwana a Maganar Sulhu?

Duk lokacin da aka ɗauko zancen Larabawa da Yahudawa a aji ko a majalisa, sai ka ji wani ya ce ai gaba ce ta tun fil azal, ba mai iya kashe ta. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a Bagadaza da Fas da Andalus a ƙarƙashin mulkin Musulmi. Babban malaminsu Musa bin Maimun da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, kuma likita ne a fadar Salahuddin a Alƙahira. Rikicin da muke gani yau bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma tushensa ƙasa ce.

A 1917 Birtaniya ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu, alhali mafi yawan mazauna wurin Larabawa ne. Bayan Hitler ya hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai, ƙaura zuwa can ta ƙaru. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar raba ƙasar biyu, inda fiye da rabi ya faɗa wa Yahudawa, waɗanda a lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a. Larabawa suka ƙi. Aka kafa Isra'ila a 1948, yaƙi ya ɓarke, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu. Abin da suke kira Nakba ke nan, wato masifa. A yaƙin kwana shida na 1967 kuma Isra'ila ta mamaye Gaza da Gaɓar Yamma da Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus.

An sha gwada sulhu. Masar ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a 1979, Jordan ta bi sahu a 1994, kuma har yau ba su sake gwabzawa ba. A 1993 Yasser Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musabaha a Washington kan yarjejeniyar Oslo. Sai dai ku lura da abin da ya faru da masu miƙa hannu: Anwar Sadat sojojin ƙasarsa ne suka harbe shi a 1981, Rabin kuma wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ne ya kashe shi a 1995. Sau da yawa mai neman sulhu ya fi fuskantar haɗari daga cikin gidansa.

Ƙulli huɗu ne suka gagara kwancewa. Na farko Ƙudus, inda Masallacin Aƙsa da wurare masu tsarki ga Yahudawa da Kiristoci suke dab da juna, kuma kowane ɓangare na son birnin ya zama hedikwatarsa. Na biyu 'yan gudun hijira da jikokinsu, miliyoyi, da ke neman komawa gida. Na uku matsugunan Yahudawa a yankunan da aka mamaye, masu mutane kusan 700,000, waɗanda kullum suna cinye filin da ake cewa za a kafa ƙasar Falasɗinu. Na huɗu tsaro da rashin yarda. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum kimanin 1,200, martanin Isra'ila kuma ya hallaka dubun dubatar mutanen Gaza, cikinsu har da yara masu ɗimbin yawa, ya rusa makarantu da asibitoci.

To, akwai sauran fata? A ganinmu akwai, amma ba za a same shi ba tare da adalci ba. A 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta ce mamayar ta saɓa wa doka. Ƙasashe fiye da 140 sun amince da ƙasar Falasɗinu, Nijeriya tun 1988, Birtaniya da Faransa a 2025. Akwai kuma wani ƙauye tsakanin Ƙudus da Tel Aviv mai suna Wahat al-Salam, ko Neve Shalom, inda iyalan Larabawa da Yahudawa ke zaune tare, 'ya'yansu na karatu a aji ɗaya da harsuna biyu. Ƙauye ɗaya ba zai tsayar da yaƙi ba, amma ya ƙaryata masu cewa zaman tare ba ya yiwuwa.

Namu aikin a nan shi ne mu san tarihi kafin mu yi musu, mu bambanta gwamnati da talakawanta, kuma mu tantance hoto ko bidiyo kafin mu tura a WhatsApp. Tausayin wanda aka zalunta wajibi ne, amma ƙarya ba ta taɓa taimakon mai gaskiya ba.

Tambayar mako: cikin ƙullin nan huɗu, wanne kuke ganin ya kamata a fara kwancewa, kuma me ya sa? Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.