Ledar da ke jin motsi

Duk wanda ya taɓa danna laitar kunna gas, ya ga tartsatsi ya fito ba tare da batir ba, to ya shaida abin da wa da ƙane Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880: akwai ma'adinan da idan aka matse su sukan fitar da lantarki. Illarsu ita ce tauri. Ba sa lanƙwasuwa, sai dai su karye.

A 1969 wani masani ɗan Japan, Heiji Kawai, ya nuna cewa wata roba mai suna PVDF tana da wannan baiwa, muddin aka ja ta ta miƙe, aka kuma ratsa ta da lantarki mai ƙarfi. Idan aka shafa mata ƙarfe a fuskokinta biyu, sai a sami leda mai kaurin silin gashi ko ƙasa da haka, wadda almakashi ke yankawa.

Amfaninta ya biyo halinta. Sauti na girgiza ta, don haka ake yin makirfo da ita, har a manna ta a jikin gita ta ɗauki amon katakon kai tsaye. Ana yin makunni da ita wanda babu ƙarafa masu gogar juna a cikinsa, balle ƙura ko ruwa su ci su. Ana binne ta a titi ta ƙirga motocin da suka taka ta. Sai dai tana da iyaka: sauyin matsi kaɗai take ji. Ɗora mata dutse ka bar shi, nan da nan za ta yi shiru. Zafi mai tsanani kuma yana kashe baiwar tata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kumbon New Horizons da Amurka ta harba a 2006, ya gifta duniyar Fuluto a 2015. Na'urar ƙirga ƙurar sararin samaniya da ke jikinsa da wannan leda aka yi ta, kuma ɗaliban Jami'ar Kolorado ne suka ƙera ta.

Kowace shekara ina duba ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe, mafi yawansu bayanai ne a takarda, hannu bai taɓa komai ba. Uzurinmu kullum tsadar kayan aiki. To, ƙyallen leda ɗaya da 'yar na'urar auna lantarki sun isa ɗalibi ya ƙirga motocin ƙofar makarantarsa. Da me za mu fake kuma?