Sola a kan rufi: Ina matsayin ma'aikacin da ke zaman haya?

Duk wanda ya ratsa Gwarimpa ko Maitama a 'yan shekarun nan zai ga yadda farantan sola suka mamaye rufin gidaje da shaguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya koma sai mai hali. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Hatta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin kuɗin 2025 domin ta koma amfani da hasken rana.

Sai dai duk lokacin da aka shawarci ma'aikaci ya sanya sola, akan tsallake tambayar farko: rufin na wane ne? Tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙin gida zuwa kuɗi, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na Abuja, ɗimbin ma'aikatan tarayya haya suke zaune a Kubwa, Lugbe, Nyanya, Mararaba da Suleja. Farantin sola mai inganci yakan haura shekara 20 yana aiki, alhali yarjejeniyar haya ta shekara guda ce.

Kowane ɓangare yana da abin tsoro. Mai gida yana gudun a huda masa kwano, damina ta zo ya kama yoyo. Shi kuwa ɗan haya yana gudun ya kashe albashin watanni a kan faranti da inbata da batir, shekara ta zagayo a ninka masa kuɗin haya, ko a ba shi takardar tashi. Sakamakon haka, wanda tsadar wuta ta fi yi wa ciwo shi ne wanda ba shi da ikon kuɓuta daga gare ta.

Gyaran bai fi ƙarfin gwamnati ba. Na farko, a sanya sharaɗi bayyananne a dokar haya: ɗan haya yana da damar ɗora faranti ta hannun ƙwararre, idan zai tashi ya cire kayansa ya gyara rufin, ko mai gida ya saye su a kan farashin da aka amince tun farko. Tunda Mararaba a Nasarawa take, Suleja kuma a Neja, wajibi ne a tafi da gwamnatocin jihohin biyu. Na biyu, bashin da hukumar CREDICORP ke sauƙaƙa wa ma'aikata ya zama na dogon zango, a riƙa cira daga albashi ta IPPIS, ya kuma isa sayen batirin litiyam, domin batir ne ya fi cin kuɗi, mai arha kuma shi ke fara mutuwa.

Ku da kuke tsara wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara, da yawanku 'yan haya ne. Kun san zafin daren watan Maris a ɗakin da fanka ba ta juyawa. Idan batun sola ya sake zuwa teburinku, ku rubuta sakin layin ɗan haya kafin takardar ta wuce sama.