Tabarau na tuƙa jirgi maras matuƙi: kada kyan hoto ya ci maka kuɗi

A watan Maris na 2021 wani gajeren bidiyo ya karaɗe intanet. Ƙaramin jirgi maras matuƙi ne ya sauko daga saman titi a birnin Miniyapolis na Amurka, ya kutsa ta ƙofar wani gidan wasa mai suna Bryant-Lake Bowl, ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ya zagaya bayan injina, duk a ɗauka guda ba tare da an yanka ba. Wanda ya tuƙa shi ba jirgin yake kallo ba. Tabarau ne ɗaure a fuskarsa, yana ganin abin da kyamarar jirgin ke gani kamar shi ne zaune a ciki. Wannan salon tuƙi shi ake kira FPV, kuma duk wanda ya kalli irin wannan bidiyo tambayarsa guda ce: wane tabarau ne ya fi kyan hoto?

A ganina wannan tambaya ce ke jefa sababbin shiga asara. Kyan hoto shi ne na uku a abubuwan da ya kamata ka duba. Na farko shi ne yadda hoton ke yankewa idan sigina ta yi rauni, na biyu kuma abin da tabarau ɗin zai tilasta maka saya nan gaba.

Tsari biyu ne a kasuwa. Akwai tsohon tsari na analog, wanda ke aika hoto a kan mita gigahaz 5.8 kusan irin yadda tsohuwar talabijin mai eriya ke kama tasha. Hotonsa dishi-dishi ne, launinsa a koɗe, wani lokaci zane-zane su riƙa giftawa. Sai tsarin dijital, wanda kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da shi gadan-gadan a 2019, daga baya HDZero da Walksnail suka shigo. Wanda ya leƙa tabarau na DJI ya ga ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka shawo kansa ya koma analog. Ban ga laifinsa ba. Ido ba ya ƙin abu mai kyau.

Amma mu ɗan yi lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan hoton ya makara da milisakan 30 kafin ya iso idonka, jirgin ya riga ya wuce inda kake ganinsa da fiye da santimita 80. Wannan ba matsala ba ce muddin jinkirin bai canzawa, domin hannu yakan saba da shi kamar yadda direba ke sabawa da birkin motarsa. Matsalar ita ce a tsarin DJI jinkirin yakan ƙaru idan sigina ta raunana, saboda na'urar na sake aiko abin da ya ɓace a hanya. Ka zagaya bayan gini, hoton ya fara dusashewa, ya sandare, alhali jirgin bai tsaya ba. Analog kuwa ba ya maka haka. Zai fara da tsaki-tsaki, ya ƙara lalacewa a hankali, amma ko a cikin hazon kana hango inuwar bango, kana da damar juyowa. Wato yana yi maka gargaɗi kafin ya yashe ka. Masu tseren jirage sun san da wannan, shi ya sa da yawansu suka tsaya a kan analog ko suka koma HDZero, wanda dijital ne amma jinkirinsa tsayayye. Ko a fagen yaƙin Yukren, inda wannan fasaha ta zama makami, akasarin ƙananan jiragen da ɓangarorin biyu suka riƙa amfani da su analog ne, saboda araha da kuma jure hargitsin sigina.

Sai batun ɗaurewa, wanda masu talla ba sa son a taɓo. Tabarau na analog, ko na Fat Shark ne ko Skyzone ko ɗan akwatin nan na Eachine EV800D, zai kama hoton kowane jirgin analog, ko wa ya ƙera shi. Na DJI kuwa da na'urar aika hoto ta DJI yake magana, kuma ko a cikin gidan nasu ba kowane tabarau ke aiki da kowane jirgi ba. Goggles 3 da ya fito tare da Avata 2 a 2024 an sa masa dala 499. Na'urar O3 da ake ɗaura wa jirgi ta fito a dala 229. Ka tuna ita wannan na'urar a jikin jirgi take, abin da zai ci karo da bango. Kuma zai ci. Babu mai koyon FPV da bai kayar da jirgi ba, sau da yawa ma tun a ranar farko. Idan kyamarar analog ta fashe, kuɗi kaɗan ne ka sauya ta. Idan ta dijital ce, sai ka mayar da dalar nan naira, ka haɗa da kuɗin jigila, ka ga ko za ka sake samun ƙarfin halin bi ta tagar kango. Mai tsoron asara ba ya koyo da wuri.

Za a ce min araha ba ta ado. Gaskiya ne, kuma akwai inda na sallama. Idan sana'arka ɗaukar bidiyo ce, kana shiga cikin gidaje da ɗakunan taro, ganin siririyar waya ko reshe kafin ka isa gare shi ba ado ba ne, tsaro ne, kuma a nan dijital ya yi wa analog fintinkau. Na'urorin DJI na baya-bayan nan ma da kansu suke naɗar bidiyo mai ingancin 4K. Sai dai kada a manta cewa yawancin bidiyoyin da suka sa mutane son FPV ba hoton cikin tabarau ba ne. Wata kyamara ce daban, irin su GoPro, aka ɗora a saman jirgin. Mai kallo bai taɓa sanin ko matuƙin hazo yake gani ba.

Abin da na fi jin tsoro ma ba kuɗin ba ne. Da zarar ka ɗaura tabarau ka zama makaho ga duk abin da ke kewaye da kai. Ba ka ganin yaron da ya rugo cikin fili, ba ka ganin wayar lantarki da ke gefen jirgin domin kyamarar gaba kawai take kallo. Kuma gwargwadon kyan hoton, gwargwadon yadda za ka manta da inda kake tsaye. Dalili ke nan da ya sa a Amurka da Birtaniya doka ta ce mai tuƙi da tabarau sai da wani a gefensa yana bin jirgin da ido. A Nijeriya kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ce ba a tayar da jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A yanayin da Arewa ke ciki, mutumin da aka gani a bayan gari da abu rufe da idanunsa, jirgi na shawagi a sama, ba lallai a tsaya sauraron bayaninsa ba. Nemi takardarka, ka sanar da mai unguwa, ka tafi da aboki.

Da ni za a tambaya, kuɗin farko ba a tabarau za su tafi ba. A na'urar sarrafawa ta hannu za su tafi, irin RadioMaster, a jona ta da kwamfuta a yi makonni ana faɗuwa kyauta a manhajojin gwaji kamar Liftoff ko VelociDrone. Bayan nan sai ɗan ƙaramin jirgi mai kariyar farfela da tabarau na analog mai siffar akwati. In ka zo sayen babba, gwada shi a fuskarka tukuna idan da hali: tazarar ƙwayar idanun mutane ta bambanta, ba kowane tabarau ke daidaituwa da kowa ba, kuma mai sa gilashin likita ya tabbatar akwai wurin saita gani ko sararin da gilashinsa zai shiga. Ka duba ko yana da fanka a ciki, domin a zafin watan Afrilu gumi kan rufe madubin da tururi tun batirin farko bai ƙare ba.