Kafson da muke sha yau, mai ƙuna ne zai biya kuɗinsa gobe



Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Oktoban 2024, mutane sama da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wasu a wurin suka cika, wasu kuwa sai bayan kwanaki a gadon asibiti. A kan wannan gadon muke so mu tsaya.

Fata ita ce katangar jiki. Idan wuta ta cinye ta, naman ya zama fili, ga danshi ga ɗumi, abin da ƙwayoyin cuta suke nema ke nan. Shi ya sa mai babbar ƙuna da ya tsallake kwanakin farko, abin da likitoci suka fi ji masa tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Akwai wadda ake kira Pseudomonas, ita ce ke sa bandeji ya yi kore-kore. Akwai Acinetobacter, mai iya yin makonni a jikin ƙarfen gado tana jiran na gaba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a sahun farko na ƙwayoyin da magani ya fara gagara.

Laifin wa? Mu fara da kanmu. Mura ta kama mu, sai kemis, a ba mu Ampiclox guda huɗu, mu sha kwana biyu mu watsar. Mura kuwa ba ruwanta da wannan magani. Mu fasa kafso mu barbaɗa a gyambo. Mu zuba wa kaji a ruwan sha. Duk lokacin da muka yi haka, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ranar da yaro ya faɗa ruwan zafi, allurar da aka saba ta ƙi ci, sai mai tsadar da uba zai sayar da tunkiya kafin ya saya, in ma akwai ta a garin.

Sai batun dubiya, kuma mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Zumunci ne, lada ne, amma mutum goma a kan gadon mai ƙuna, kowa na taɓa shi da hannun da bai wanke ba, cutarwa ce. Idan nas ta hana mu shiga, ba wulaƙanci ba ne. A yi addu'a daga bakin ƙofa.

Su ma asibitoci da gwamnati da nasu kason: ruwa da sabulu a kowane ɗaki, da ɗakin gwajin da zai ɗauki ruwan ciwon ya faɗi maganin da zai yi aiki, maimakon a yi ta canki-canka.

Idan tsautsayi ya faru a gida, a zuba wa wurin ruwa mai tsafta, mai ɗan sanyi, na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsafta, a nufi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko gashin zomo.